Baƙin da Hajaratu Ta Kankare

Shekara goma sha tara Hajaratu 'yar Affala ta yi tana wanke-wanke a gidan Alhaji Alƙasum, cikin Tawa. Miji ya rasu, ba ɗa ba jika, ɗan ɗakin da ke bayan madafa shi ne duniyarta. Abin alfaharinta ɗaya ne: in ta kama tukunya da toka da yashi, sai ka ga fuskarka a gindinta.

Tsufa kuwa ba ya sallama. Wata rana Hajiya Zahara, matar gidan, ta ɗaga tukunya a gaban baƙi.

"Inna, idonki ya mutu. Dibi baƙi a gindin tukunya! In ba ki iyawa, a maishe ki ƙauye."

Ƙauyen da ba ta da ko rumbu. Tsoro ya kama Hajaratu ƙwarai.

A makon nan Alhaji ya aiko da murhun gaz daga Abijan, irin mai tandar gashi a ƙasa. Da Hajiya ta tafi biki Barmu, Hajaratu ta buɗe ƙofar tandar, ta ga cikinta baƙi ƙirin. Ta yi salati. Ashe tsohon kaya aka sayar wa Alhaji! Wa zai gaya mata fenti ne, haka maƙeransa suka yi shi?

Ta durƙusa, ta tura kai da kafaɗu ciki. Toka ta gaza, ta ƙara yashi, yashi ya gaza, ta ɗauko guntun dutse. Kwana uku tana dirza, 'yan yatsunta suka tsage, har ƙarfe ya fito fari tas. Farin ciki ya cika ta.

Da Hajiya ta dawo, Hajaratu da kanta ta ja ta zuwa madafa.

"Hajiya, dibi. Idona na nan."

Zahara ta leƙa, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Mi kinka yi, Inna? Kin kashe min tanda!"

Washegari aka ɗaure wa Hajaratu kayanta a zane, aka kai ta tashar Affala, hannunta naɗe da tsumma. Ɗakinta aka zuba buhunan hatsi.

Tandar kuwa, ko kafin nan babu mai niyyar gasa komai a cikinta. Har yau ledoji Hajiya ke ajiyewa ciki.