Laifin da Inna Ta Ɗauka a Kan Yaya Dije

Da kakar bana Yaya Dije ta cika shekara ashirin da uku a ƙasa. Ban saba rubuta komai a kanta ba. Abin da nake yi duk shekara shi ne in soya waina in raba sadaka, in yi mata addu'a, in kama bakina. Bana kam bakin ya ƙi kamuwa, domin na ji wata magana a asibiti wadda har yau ta ƙi barin raina, kuma ina ganin akwai gidaje da yawa tsakanin Ikara da Kudan da ya kamata su ji ta.

Dije ce babba a ɗakinmu, ni Talatu nake bi mata. Mace ce mai baki, ga tsokana kamar me. Lokacin da nake karatun koyarwa, in na dawo hutu ba ta kirana sai da Malama sarkin alli. Da aka aurar da ita ga Malam Isuhu, manomin rake a Gubuchi, cewa ta yi ita dai ta auri mazarƙwaila, mu kuma sai mu ji da ƙuli-ƙuli. Da cikinta na fari ya tsufa, aka dawo da ita gida Dandamisa goyon ciki, ta haihu a gaban mahaifiyarmu, Inna, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya.

A lokacin babu macen da ta kai Inna iya wankan jego a unguwarmu. Har daga ƙauyukan gefe ake aikowa a ɗauke ta. Za ta girka babbar tukunya, ruwa ya tafasa, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa wa mai jego safe da yamma har arba'in. Ta dama kunun kanwa mai kauri, ta hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa a gasa jiki. Abin da kowa ya tashi ya tarar shi ne jikin mai jego ɗanye ne, babban maƙiyinsa sanyi, maganin sanyi kuwa wuta. Ga 'yarta ta cikinta, ai ba sai an faɗa ba, Inna ta zage ta yi iyakar iyawarta.

An haifi mace, aka sa mata Sa'adatu, aka sha suna lafiya. Kafin arba'in sai ƙafafun Dije suka fara kumbura. Ga tari, ga haki, daga ɗaki zuwa bayan gida sai ta tsaya ta huta. Kwanciya ta gagare ta, sai dai ta jingina da bango. Duk wanda ya shigo dubiya magana ɗaya yake yi, sanyi ya shige ta. Tsofaffi sun faɗa, maƙwabta sun faɗa, dangin mijin ma sun faɗa. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Lokacin da aka ga abin ya fi ƙarfin gida aka ɗauki mota zuwa Zariya, kumburin ya riga ya hau har ciki.

Ina tsaye a wurin, likita ya tambayi Inna abin da ake yi wa marar lafiyar. Ita kuwa baiwar Allah ta lissafa masa komai dalla-dalla, don a san ba a yi sakaci da 'yarta ba. Ya ajiye abin awonsa ya ce, "To Baba, wannan wankan naku da kanwar nan su suka kumbura mata zuciya. Ku ne kuke kashe 'ya'yanku da hannunku." Malam Isuhu yana bayanta yana ji. A cikin satin nan Dije ta cika.

Maganar ba ta kwana a Zariya ba. A wurin zaman makoki Malam Isuhu ya maimaita ta a zaure, da zafin rashi, gaban maza. Ya ɗauki jaririyar ya kai wa yayarsa ta shayar. Babu wanda ya zagi Inna, kuma da an zage ta da ya fi sauƙi. Aiken da ake yi mata na wankan jego ne kawai ya ɗauke. Ita ma ta kife tukunyar a bayan rumbu, ta daina zuwa barka, ta daina zuwa suna. Matar da muryarta ke cika gida ta koma sai an tambaye ta take magana. Sa'a ta girma a Gubuchi, ana kawo ta gaisuwar Sallah ta durƙusa daga bakin ƙofa, Inna ta sa mata albarka ba tare da ta miƙa hannu ta taɓa ta ba. Na sha tambayarta dalili, ta ce in ƙyale ta.

Bara aka yi wa Sa'a aure, bana ta haihu. Yarinyar zamani ce, ta yi awon ciki, ta haihu a asibiti. Da yake ni ce ƙanwar uwarta, kuma ina zaune a Makarfi kusa da asibiti, ubanta ya yarda ta yi jego a gidana, amma da sharaɗi. Ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Talatu, na haɗa ki da Allah, ban da ruwan zafi, ban da kanwa, kuma kada tsohuwa ta zo kusa." A da tsakanina da shi wasa ne irin na miji da ƙanwar mata, amma wasan nan tare da Dije aka binne shi. Na ce na ji. Kuma na cika. Ruwan ɗumi take wanka da shi kamar kowa, ko a miyar kuka ban jefa kanwa ba.

Wata safiya Sa'a ta fito za ta yi alwala, takalminta ya ƙi shiga. Na duba ƙafar. Na danna yatsa a kan ƙaurinta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta yi ɗan tari, ta ce, "Inna Talatu, kwana biyun nan in na kwanta sai in ji numfashina yana ɗaukewa." Wallahi ban san lokacin da butar da na ɗauko mata ta faɗi daga hannuna ba. Tarin nan na san shi, kumburin nan na san shi, shekara ashirin da uku ban manta ba. Ko karyawa ba mu yi ba muka kama hanyar Zariya, na buga wa ubanta waya ya same mu a can.

Likitar zuciya da ta duba ta mace ce, mai ƙuruciya, ba ta kai ni shekaru ba. Ta shafa mata wani mai a ƙirji, ta ɗora kan na'ura, sai ga zuciyar yarinyar nan a allo, ta buɗe tana bugawa a gajiye. Ta ce ciwon zuciya ne da ke kama wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa. Ni kuwa na ɗaga murya a ofishin mutane na ce ba zai yiwu ba, wannan yarinyar ba ta taɓa ruwan zafi ba, ba ta ɗanɗana kanwa ba, ni ce shaida. Na ba ta labarin uwarta, da abin da aka gaya wa Inna.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce abin da wancan likitan ya faɗa shi ne abin da aka daɗe ana koyarwa, domin ƙasar Zariya ta yi suna da wannan ciwo a littattafan likitanci, kuma da aka ga matan da ke kamuwa duk suna wankan jego sai aka ɗora wa wankan. Amma a 'yan shekarun nan likitocin zuciya na ƙasar nan sun sake bin diddigi, sun gwada matan da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, suka tarar wankan da kunun kowa na yi, mai ciwon da mai lafiya. Abin da ya fi fitowa fili shi ne rama da rashin abinci mai gina jiki, hawan jini lokacin ciki, da ƙarancin wani sinadari a jini. A wasu iyalan ma, in ji ta, an gano akwai gado a ciki. Ba ta wanke kanwa tas ba. Ta ce gishiri ce, macen da jikinta ya kumbura ba ta da abin yi da ita, kuma zafin da ya wuce kima ba alheri ba ne. Amma cewa wanka ne ya jawo ciwon, ta ce yau ba za ta iya duban idon wata uwa ta faɗa mata haka ba.

Na waiga na dubi Malam Isuhu. Ya cire hularsa ya riƙe, ya sulale ya zauna a ƙasa, a kan simintin asibiti, dattijo da furfurarsa. Ni kuwa kunnuwana ne suka toshe. Ban ji sauran bayanin magani ba, sai da nas ta sake maimaita mini.

Sa'a tana samun sauƙi, alhamdulillahi. Tana shan magungunanta, kumburin ya saɓe, an gargaɗe su kada a yi gaggawar wani cikin sai likita ta sake duba zuciyar. Na sha tunanin me Dije za ta ce da ta ga wannan zamani. Na san da farko tsokana za ta yi, ta ce wato yanzu har zuciyar mutum ake kallo a talabijin, to a leƙa ta Isuhu a ga ko rake ne a ciki. Amma da ta gama dariya na san inda hankalinta zai koma. Za ta tambaye mu, ashe duk tsawon nan kun bar mini uwa da wannan kaya a ka?

Wannan tambayar ce ta hana ni sukuni. Ba na jin haushin bincike, shi ya ceci Sa'a. Likitar ta ce haka aikinsu yake ta kowane fanni, daga masu tiyata har masu duba yara, abin da aka riƙe jiya ana sake auna shi, in bai tsaya ba a sauke shi. Madalla. Amma hukuncin da aka yanke wa Inna a yini ɗaya ya iso Dandamisa, janyewarsa kuwa ba wanda ya ɗauko ta ya kawo. Tana can a takardun Turanci, masana suna karanta wa juna. Da jikarta ba ta kumbura ba, da haka tsohuwar nan za ta mutu tana ganin kanta mai kisan kai. Ina tambayar likitocinmu, tsofaffi nawa ne yanzu haka suke zaune a ɗaka da irin wannan magana da aka jefa musu a tsaye? Kuma ina roƙon matan yankinmu, in mai jego ta kumbura tana haki ba ta iya kwanciya, ba sanyi ba ne. A nemi mota a ranar. Jinkirin da aka yi a kan Dije na gari ne gaba ɗaya, ba na mace ɗaya ba.

Dije ba ta bar gona ba, ba ta bar gida ba, ko hoto ɗaya mai kyau ba mu da shi. Ta bar 'ya mai irin dariyarta, ta bar jika namiji, ta bar mu da barkwancinta da har yau muke maimaitawa a biki. Abin da na gane bana shi ne ta kuma bar uwa wadda ba a taɓa yi wa ta'aziyya ta gaskiya ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na tafi Dandamisa. Malam Isuhu ya ce in wuce gaba, shi kunya ba za ta bar shi ya shiga ba tukuna, amma zai koma zauren da ya yi maganar ya janye ta gaban maza. Na tarar da Inna a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, idonta ya yi rauni, da murya ta gane ni. Bayan mun gaisa na zauna kusa da ita na gaya mata komai a hankali, tun daga takalmin Sa'a har abin da likita ta ce. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ta ce, "Ba a yi mata wanka ba?"

Na ce, "Ba a yi ba, Inna."

"Ba ta sha kanwa ba?"

"Ko ɗigo."

"Kuma abin ya kama ta?"

Na ce ya kama ta, kuma tana warkewa. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce Allah ya isa. Abin da ta faɗa ban taɓa kawo shi a raina ba.

Ta ce, "Talatu, tun ranar da aka kai ta, ban taɓa yi mata addu'a ba. Kowace sallah gafarar kaina nake roƙo. In na ɗaga hannu zan roƙa mata sai in ce, da wane bakin? Wanda ya kashe ne zai nema wa wanda ya kashe rahama?"

Muna ta sadaka duk shekara, ashe addu'ar da ta fi kowace nauyi ba ta taɓa isa kabarin ba.

Ta ture ƙwaryar gefe, ta kakkaɓe zaninta, ta juya gabas. Dije 'yar fari ce, tun da aka haife ni ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Ta ɗaga hannuwanta, ta ce, "Ya Allah, Hadizatu. 'Yata Hadizatu. Ka yi mata rahama, ni ce uwarta, na makara."