Dalmar da Bindigar Baba Take So

Babanmu mai gyaran agogo ne, kuma yana da wata tsohuwar bindigar iska ta hannu wadda ba ta taɓa kashe ko ƙadangare ba. Ta harbin kwali ce. Wani Bature da Baba ya daɗe yana gyara wa agoguna a unguwar Nyékonakpoè ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu, tun ban san kaina ba. Karya ta ake yi a tsakiya, a tura ɗan harsashin dalma guda wanda bai kai ƙwayar wake ba, a rufe, a harba. Baba bai taɓa kiransa harsashi ba, dalma kawai yake cewa.

Kowace Lahadi bayan la'asar sai ya kifa kofi a kan kwali ya zana da'ira, ya jingina kwalin da buhun yashi a bayan gidanmu na Zongo, ya ja baya taku goma sha biyu. A karkace yake tsayawa, hannu ɗaya a aljihu. Idan ya yi harbi biyar sai a ɗauko kwalin, ya ɗora murfin kwalbar lemo ya rufe hudojin gaba ɗaya. Abokansa tsofaffi, har da limamin unguwa, suna kan benci suna shan shayi suna tsokanarsa. Ni kuwa har 'yan ajinmu sai da suka gaji da jin labarin.

Shekarar da ya haura saba'in dalmarsa ta ƙare, kantin da yake saye kuma ya daɗe da rufewa. Sai babban yayanmu, ɗan farin Baba, ya dawo daga fatauci a Accra da tsarabar gwangwani goma. Masu tsini ne, suna ta ƙyalli. A gaban tsofaffin nan ya durƙusa ya miƙa, Baba ya sa masa albarka har sau uku.

Daga ranar harbi ya lalace. Wannan ta yi sama, waccan ta yi gefe, wata ma ba ta sami kwalin ba. Tsofaffi suka daina tsokana, abin da ya fi tsokanar ciwo. Da aka yi wata biyu a haka Yaya ya tara mu, ya ce abin a fili yake, ido ya tafi, hannu ya fara rawa. Ya ce mutumin da ba ya iya samun kwali ba zai ci gaba da hawa zemijan, wato babur ɗin haya, kullum yana ratsa motoci zuwa teburinsa na agogo a unguwar Amoutivé ba, bayan Sallah a kwashe teburin ya zauna a gida. Baba yana zaune yana jan carbi. Teburin nan kuwa shekara arba'in yana kansa, kuma na san ranar da aka raba shi da shi an gama da shi.

Ni ce mai bakin gidanmu, kowa ya shaida. Na yi ta masifa har Yaya ya ce in tuna da wa nake magana. Amma masifa ba hujja ba ce, kuma ba ni da ita.

Wata safiya ina share ɗakin Baba na ture gwangwani ɗaya ya zube. Da nake tsincewa sai na ga ba ɗaya suke ba: wata gindinta a lanƙwashe, wata da ɗan kunne a gefe. Sana'ata sayar da 'yan kunne da sarƙoƙin zinariya, don haka ina da ɗan sikeli a jaka. Na auna ashirin, da ƙyar na sami uku masu nauyi ɗaya. Na bincika aljihun teburinsa na sami tsohuwar dalma guda da ta maƙale a lungu, mai kai a shafe, mai laushi har farce yana shiga. Na karya bindigar na gwada. Tsohuwar sai da na danna da babban yatsa ta zauna daram. Ta Yaya kuwa zurmawa ta yi kamar ƙafar yaro a takalmin ubansa.

Kwana huɗu ina yawon tambaya. A ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a unguwar Bè, ɗan ƙabilar Ewe, wanda yake kafa rumfar harbin balan-balan idan ana bukukuwa. Ya juya tsohuwar dalmar a tafinsa ya yi dariya, ya ce da Faransanci, “Madam, tsohuwar bindiga kamar tsoho take, ba ta son abu mai tauri.” Ya ce masu tsinin nan an yi su don sababbin bindigogi masu ƙarfi, tamu kuwa cikinta ya ɗan buɗe, tana son dalma mai laushi wadda gindinta zai baje ya toshe iska. Iri uku ya ba ni, duk masu kai a shafe, ya ce shi ba zai iya zaɓar mata ba, sai an gwada. Na wuni a shago ina aunawa ɗaya bayan ɗaya ina ware masu lahani, masu sayen 'yan kunne suna kallona kamar na taɓu.

Ranar Alhamis da safe, Yaya ya fita, na zube su gaban Baba ina ta zuba bayani, ina jin kaina kamar likita. Ya bar ni na gama tsaf.

“Uwata,” ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini, “ai tun kafin harbin farko yatsana ya gaya mini.”

“To Baba, me ya hana ka faɗa? Wata biyu ana ce maka makaho!”

“Yaro ya yi tafiya, ya tuna da ubansa, ya ɗauko kaya ya miƙa a gaban mutane. Sai in buɗe baki in ce bai iya saye ba?”

“Ko da za a kwashe teburin?”

Ya jawo bindigarsa ya shiga goge ta. Haushi ya kama ni har idona ya kawo ruwa, amma a cikin haushin nan na ji wani irin alfahari da ban taɓa ji ba. Wannan mutumin ubana ne.

Muka zaga baya. Kowane iri ya yi masa harbi biyar a kwalinsa daban, ba gaggawa. Na farko ya tattaru amma ya yi ƙasa. Na biyu, wanda gwangwaninsa ya fi kyau kuma na fi sa wa rai, ya watse. Na uku, mai ɗan nauyi, baƙi-baƙi, mara fasali, shi ya shiga wuri guda. Baba ya shafa bindigar ya ce, “Bon, shi ke nan, ta zaɓa.” Sannan ya ɗaga mini yatsa: ko kalma ɗaya kada in gaya wa yayana. Na juye gwangwani ɗaya na tsarabar, na zuba zaɓaɓɓun a ciki. Yana kallona bai hana ba.

Ranar Lahadi benci ya cika, Yaya yana tsaye jikin bango ya harɗe hannu. Baba ya gyara tabarau ya tsaya a karkace. Harbi biyar. Da liman ya ɗora murfin kwalba a kan kwalin, ko gefen huda ɗaya bai leƙo ba. Tsofaffi suka ɗauki kabbara, tsokana ta dawo, wani yana cewa da ma lamɓo yake yi musu.

Yaya ya tako a hankali ya ɗauki gwangwanin tsarabarsa. Ya ciro dalma guda, ya dubi kanta da ba tsini, ya daɗe yana dubawa. Ya dube ni. Maganganu sun cika mini baki fal, na tanade su tun ranar taro, kowace da inda za ta soka. Na haɗiye su duka, kuma a rayuwata wannan ne karo na farko.

Ya mayar da dalmar ya rufe gwangwanin, ya je ya durƙusa gaban Baba.

“Baba, ƙarfe nawa kake fita gobe? Ni zan kai ka Amoutivé.”

“Bakwai da kwata,” in ji Baba. “Kada ka makarar da ni, akwai agogon mutane a hannuna.”