Wufa a Bayan Motata

Ba don kyanta na sayi motar ba. 'Yar Kwatano ce mai ruwan toka, fentin gefen direba ma ya ɗan kwaile. Abin da ya kama ni shi ne shirunta. Ka rufe ƙofa ka tayar da inji, sai ka ji kamar ka shiga ɗakin soro da rani. A lokacin ban san dalili ba, na ɗauka dai sa'a na yi.

Mahaifina yana ƙauyenmu kusa da Gubuchi, ni kuwa ina aiki a ofishin gona a Makarfi. Shekara guda kafin in sayi motar aka yi masa aiki a maƙogwaro. Mutumin da a da in ya ja baƙi a zaure ana jiyo shi daga rijiya, sai ga muryarsa ta koma raɗa. Baba kuwa ba ya son a ce masa "Me ka ce?" In aka sa shi maimaita magana sau ɗaya, to ya rufe bakinsa ke nan har yamma. A gida ga awaki, ga daka, ga injin niƙan maƙwabta, sai ya zama kusan ba ya magana da kowa.

Kowace Asabar nakan ɗauke shi zuwa Furana, wajen Ikara, ya gaida yayarsa. A wannan hanya na gano cewa a cikin motar ina jin kowace kalma tasa ba tare da na karkato kai ba. Shi ma ya lura. Ya fara da labarin gonaki da malaman da ya yi karatu wurinsu. Wata Asabar, muna wuce wata gonar rake, idonsa na kan hanya ya ce, "A nan na fara ganin mahaifiyarka."

Saura kaɗan sitiyari ya kuɓuce mini. Ina da shekara uku ta rasu, ban san fuskarta ba, babu hoto. Ni ne ɗan fari, Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle ya zauna ya yi mini zancen matarsa. Kunya ba za ta bar shi ba. Amma a mota babu mai kallon wani, kowa titi yake kallo. Kaɗan-kaɗan yake saki, kowace Asabar ɗan guntu, ni kuma ba na tambaya, sai dai in rage gudu don hanyar ta yi tsawo.

Ana cikin haka kwaɗayi ya shiga raina. Wani abokin aikina ya sa wufa a motarsa, wato babbar sifikar nan da ake girkewa cikin akwati a but, can bayan mota, mai fitar da ƙasan kiɗa har ka ji shi a ƙirji. Ya ba ni lif rannan, ya ƙure sauti, ya ce, "Kai taka motar ai gidan makoki ce." Wallahi maganar ta ci ni. Ga ni mutum mai 'ya'ya huɗu, da furfura a gemu, amma na kwana ina tunanin wufa. Ni kaina ina mamakin kaina.

Na nufi wani mai haɗa rediyon mota a bakin titi a Kudan. Ya shimfiɗa wayoyi, ya jawo sauti daga sifikun baya zuwa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, ya ɗaure akwatin a but. Muka gwada a tsaye, ƙofofi huɗu a buɗe. Kai! Har mai rake da ke gefe ya taso yana gyaɗa kai. Na yi sallama ina washe baki.

Ban yi nisa ba abin ya fara. Ina taka totur sai wani gurnani ya taso daga baya, buuuu, mai nauyi, har madubi yana rawa. Na kashe rediyo, yana nan. Na ɗaga ƙafa, ya lafa. Na tsaya na buɗe ƙofa, tsit. Na rufe na taka, ya dawo. Kunnuwana suka toshe kamar na nutse a rafi. Na juya a fusace na koma.

"Malam, ka lalata mini mota!" na ce masa tun ban fito ba.

Bai ji haushi ba. Ya shiga ya zauna, ya ɗaga kai yana duban rufin motar, ya nuna mini wasu 'yan ramuka biyu da ban taɓa kula da su ba, ɗaya saman direba, ɗaya a baya.

"Yallaɓai, ka ga waɗannan? Makirufo ne. Motarka tana sauraron ƙugin injinta, sai ta fitar da wani sauti ta sifiku wanda yake kashe shi. Shi ya sa take shiru. Yanzu amfilifaya ta ɗauki wannan sautin ta ƙara masa ƙarfi, makirufo ya ji, ya ƙaro wani, suna ta bin juna. In ƙofa na buɗe abin ba ya aiki, shi ya sa ba mu ji ba ɗazu."

"To mene ne magani?"

"A yadda na iya, ɗayan biyu ne. Ko in zare wayar makirufo ka ci wufarka lafiya, ko in cire wufa. In na zare, motar za ta ɗan ƙara ƙugi, amma wa zai ji ƙugi kiɗa na tashi?"

Ya gaya mini gaskiya, ba zan ɗora masa laifi ba. Ni ne na ce, "Zare." Ko tunanin Asabar bai zo mini ba.

Asabar ta zo. Na kashe rediyo kamar kullum, Baba ya shiga ya yi bismillah. Muna hawa kwalta na ji bambancin. Ba wata ƙara ce mai yawa ba, ƙugi ne ƙasa-ƙasa mai cika kunne, wanda in da mai lafiyar murya kake tafe ba za ka damu ba. Baba ya fara magana. Ina ganin leɓensa yana motsi ta gefen ido, ina tsintar kalma ɗaya in rasa uku. Na ji "damina", na ji "ranar da aka haife ka", sauran ya bi ƙugi.

Me zan yi? In ce ya maimaita, ya yi shiru. In ce na sa kayan kiɗa a but, da wane baki? Sai na yi abin da aka koya mana tun muna yara in babba na magana. Na ce, "Na'am, Baba." Na ce, "Haka ne." Na ce, "Allah sarki." Tun daga Gubuchi har Furana ina zuba masa na'am, ban san a kan me ba.

Asabar ta biyu ma haka. Na ce a raina zan koma Kudan cikin mako, aiki ya sha kaina, kuma in faɗi gaskiya wufar tana yi mini daɗi a hanyar ofis. A ta uku, muna tsakiyar hanya ya yi wata doguwar magana ya tsaya. Na ce, "Haka ne, Baba." Ya juyo ya dube ni, abin da bai taɓa yi a mota ba. Sannan ya zaro carbinsa. Har muka je muka dawo bai ƙara cewa uffan ba.

Ranar Litinin ko ofis ban leƙa ba. Na koma Kudan, na ce wa mai rediyo ya cire komai, ya mayar da wayar makirufo inda ya same ta. Ya ce, "Yallaɓai, ba ta yi ba ne?" Na ce, "Ta yi, ni ne ban yi ba." Akwatin yana nan a gida har yau, uwargida ta ɗora masa tiren kofuna.

Asabar ta gaba motar ta koma shirunta. Baba ya zauna, carbi a hannu. Muka wuce gonar rake bai ce komai ba. Na gangara gefen hanya na tsaya.

"Baba, ina neman gafara. Sati uku ban ji abin da kake faɗa ba. Wani abu na sa a motar ya hana ni ji, na cire shi."

"Na sani," ya ce. "Tambayarka na yi ko kana son in nuna maka inda mahaifiyarka take kwance, ka ce mini haka ne."

Na kifa kaina a sitiyari. Ban san lokacin da hawaye ya zubo ba, kunya da baƙin ciki suka haɗu mini. Ya bar ni sai da na natsu.

Na ce, "Wanda ka faɗa a baya fa, Baba?"

"Wancan na faɗe shi sau ɗaya, da ƙyar ya fito. Ba na jin zan iya kuma." Ya ɗan yi tari, ya nuna gaba da carbinsa. "Ja mu tafi. In ka wuce tsamiyar can ka karya hagu, ba nisa."

Na tayar da mota na karya hagu, a hankali nake tafiya, ina jin har numfashinsa.