Na Tambaye Ta Asali

Ƙarfe huɗu da rabi na yamma ne, ranar Lahadi, a gidana na Stains, a ƙasar Faransa. Akwai ni, da matata Hajiya, da ƙanena, da ɗana na fari wanda ya zo daga Lyon da yarinyar da yake so ya aura, 'yar Jamaika, musulma. A lokacin ni ɗan kasuwa ne mai son tsari, ba a musa mini magana a gida.

Da farko, ba ta durƙusa ba. Na biyu, ta gaishe ni tana dubana cikin ido, murya a sama. Na haɗiye. Na uku, na yi abin da kowane uba yake yi a garinmu Maraɗi, na tambayi asali. Ɗana yana fassara, ta faɗi sunan kakanta da garinsu. Na ce a wuce nan, daga wace ƙabila suka fito a Afirka? Ta ce ba ta sani ba, sunan gidansu ma na Baturen da ya mallaki gonar rake ne. Sai na juya na ce wa ƙanena da Hausa, ashe marar asali ce, jikar bayi. Ban san ta daɗe tana koyon Hausa don ta faranta mini ba. Ta miƙe, ta yi wa Hajiya godiyar abinci da Hausa mai kyau, ta fita.

Aka ɗaura aure ba ni. Da aka haifi jikana na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. A Villeurbanne, gefen Lyon, mahaifiyar surukata ta ba ni kujera, ita ta tsaya. Ta bakin ɗana ta ce kakanninsu sun sunkuyar da kai har wuya ya gaji, shi ya sa suke koya wa 'ya'yansu kada su rusuna wa mutum. Ta ce wanda aka sayar ba shi ya sayar da kansa ba, in faɗa mata su wa suka kai su bakin teku.

Na roƙi gafara, surukata ta ce ta yafe, amma da Faransanci. Har yau ba ta ƙara furta Hausa ba, kuma ba a yi wa yaron Hausa. Yana kirana *papi*, wato kaka da Faransanci, ban iya hana shi ba.

Na gane abin da na kira rashin kunya, gadon mutanen da aka ƙwace wa suna ne. Iyaye, ina roƙonku, idan aka kawo muku baƙuwa kamarta, ku tambayi halinta, ku bar mata asalinta.