Fitilar Hasumiya a Filin Jirgin Jos

Har yau safiyar da na fara ganin jirgin nan ba ta fita daga raina ba. Ƙarshen shekarun saba'in ne, ina ƙaramin ma'aikaci a tsohon filin jirgin Jos, aikina auna kayan fasinja. Na ɗago kai daga sikeli sai na ga ana turo shi daga rumfa, ɗan ƙarami mai kujera biyu, fari fat, da ratsi ruwan ƙasa tun daga hanci har wutsiya. Lokacin kaina cike yake da 'yan littattafan soyayya da nake saya a kasuwar Taminus. Nan take na hango kaina a ciki ina shawagi a saman unguwarmu Gada Biyu, Binta 'yar maƙwabtanmu tana ɗaga mini mayafi.

Da na tambaya, aka ce na ƙungiyar masu sha'awar jirgin sama ne, waɗanda ke taruwa ran Asabar bayan la'asar. Akwai matuƙa a ciki, da makanikai, da ma'aikatan hasumiya. Amfaninta ga irinmu shi ne manya su san fuskarka, domin duk shekara sukan tsaya wa mutum ɗaya ya tafi koyon tuƙi. Na shiga. Na ja abokina Gyang, ɗan Bukuru mai lodin kaya, ya raka ni. Ya ce shi ba ruwansa da sama, shayin da ake rabawa ya kawo shi. Tun ranar yake kirana Kyaftin, ni kuwa ina amsawa.

Suna da wata al'ada. Ƙananan jirage a lokacin ba duka ke da rediyo ba, don haka hasumiya kan yi wa matuƙi magana da fitila: kore ya tashi, ja ya tsaya. Ba a ɗaukar sabon shiga yawon sama sai ya tsaya a bakin titin jirgi, kusa da shugaba, an haska masa fitilar daga nesa yana faɗin abin da ya gani. Kowa ya ɗauke shi wasa, don babu wanda ya taɓa faɗuwa.

Shugaban, Kyaftin Yakubu, dattijo ne marar yawan magana. Gyang ya fara, ya gama yana hamma. Da aka zo kaina, na gyara kwalar rigata da ta sha guga, aka haska, na ce a tashi. Na ji an yi dariya a bayana. Aka sake, na ce a tsaya. Dariyar ta ragu. A idona duk hasken iri ɗaya ne, wani dai ya fi wani duhu.

"Kyaftin, ka daina tunanin Binta, za ka kashe mu," in ji Gyang.

Kyaftin Yakubu bai yi dariya ba. Ya ja ni gefe, ya nuna jirgin, ya tambaye ni launin ratsin. Na ce ruwan ƙasa ne, ranka ya daɗe. Sai ya tambayi sana'ar mahaifina. Na ce tela ne. Ya ce ko yana aikena sayen zare? Na ce ya daina tun ina yaro, wai kullum sai na kawo wanda ba a ce ba saboda shiririta.

"Ba shiririta ba ce, ɗana. Ratsin nan ja ne. Idonka ba ya raba ja da kore, kuma babu likitan da zai bar ka ka tuƙa jirgi."

Na so in daina zuwa. Kyaftin Yakubu ne ya aiko Gyang ya ce in Asabar ta yi ban zo ba, da kansa zai biyo ni Gada Biyu. Da na je, ya haɗa ni da wani ɗan ƙungiyar mai tsara lodi, wato mai lissafin inda za a sa kowane nauyi don kada jirgi ya rinjaya gaba ko baya. Ya ce masa ga mai sikeli nan, a koya masa. A wannan sashe na yi aiki har na yi ritaya ina shugabansa. Binta ta aure ni duk da haka, kuma ita ke zaɓa mini hula har gobe.

Abin da nake gaya wa yaranmu na yanzu ke nan: ku shiga cikin mutanen sana'arku, domin su za su gaya muku gaskiya da wuri, kuma su za su san inda kuka dace.

A shekarar da aka haska mana fitilar, Gyang ƙungiyar ta tsaya wa. Ya yi shekaru yana tuƙa manyan jirage, sau da yawa da lodin da na tsara. Yanzu ya koma Bukuru yana noman tumatir. Duk kaka sai ya aiko mini da kwando, direban da ya kawo kuma ya ce, "Oga ya ce a gaya wa Kyaftin sun nuna jajir, ya yarda da shi kawai."