Gwaggo Dela da Labulen Ɗan Fari

Duk wanda ya taɓa kwantar da yaro a asibitin nan namu na ƙasar Kazaure ya san Gwaggo Dela ba daga ɗakin yara take fara aiki ba. Daga gindin darbejiya take farawa. Da sassafe za ka hango ta tafe cikin farar rigarta ta nas, lema a hammata ko babu hadari. A ƙarƙashin bishiyar nan masu jinya ke kafa murhu, mutanen Babura a gefe, na Roni a gefe, Fulanin Gwiwa can baya kaɗan da ƙorensu. Sai ta bi su tana gaisuwa, tana tambayar kwanan mai jiki, ta buɗe tukunyar mutum ta leƙa ta ce, "Wannan kunun na maƙera ne, ba na yaro ba, a ƙara ruwa." Kafin ta kai ƙofar ɗaki babu wanda bai sami abin yi ba.

A wannan watan za ta yi ritaya. Ni uwa ce, 'yata Ma'u ta kwanta a hannunta daminar bara, shi ya sa na ga bai kamata a bar ta ta tafi shiru ba.

Sa'ad da ta kama aiki, tun Turawa ba su naɗe tutarsu ba, ƙa'ida ita ce a ajiye yaro a gado, dangi su koma waje, uwa ta riƙa leƙe ta taga. Yaro na kuka a ciki, uwa na kuka a waje. Dela ta yi ta naci wajen manyanta har aka bar uwa ta shigo, daga baya aka bar kaka. Amma ta kafa sharaɗi guda: ba a zaman banza a ɗakinta. In ka shigo, ko fifita, ko wankin tsumma, ko riƙon kofi.

Ku tambayi Malam Haladu, akawun nan na ƙaramar hukuma. Ya zo dubiyar ɗan ƙanwarsa a kan sabon babur ɗinsa Besfa, ya sha babbar riga, niyyarsa ya ce Allah ya sawwaƙe ya wuce ofis. Ranar kuwa sandunan rataye ƙarin ruwa duk sun ƙare. Dela na ganinsa ta ce, "Alhamdu lillahi, ga dogo Allah ya kawo mana." Ta damƙa masa kwalba. "Ɗaga, Malam. Sama da haka." Haka ya tsaya, hannun riga na zubo masa a fuska, yana sauya hannu, har kwalbar ta ƙare. Washegari sai ga shi da kafinta. Sandunan katakon da ake amfani da su yanzu, su Malam Haladu ake kiransu.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin Saude, wanda aka yi a kan idona, ko in ce a bayan ƙeyata.

Saude yarinya ce Bafulatana daga wata ruga a bayan duwatsun Roni. Da hantsi aka kawo ɗanta Halliru, ɗan fari, bai daɗe da fara tafiya ba. Gudawa da amai sun tsotse shi, idanu sun zurma, kuka ma ba hawaye. Uwar mijinta, Inna Shatu, ita ta rungumo shi. Bayanta mijin Saude, Sama'ilu, da kawunsa, Kawu Na'Allah, kowa da sanda. Saude ce ta ƙarshen shigowa. Ta sami can ƙarshen ɗaki ta zauna a ƙasa, ta ba gadon baya, tana ƙulla bakin zanenta tana kwancewa.

Wanda bai san mutanen ba zai ce ba ta damu ba. Kunyar ɗan fari ce. Ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa gaban surukai, ba ta nuna ta san da shi a duniya. In ta yi, har ta tsufa ana ba da labarinta a ruga.

Likitanmu wani Ba'indiye ne mai kirki, Hausarsa ba ta wuce ta tambaya ba. Ya duba yaro ya ce, "Ina mama?"

Kawu Na'Allah ya shiga duban sandarsa.

Likita ya juya ga Sama'ilu. "Kai baba?"

Sama'ilu ya ɗaga kai yana nazarin rufin kwano. "To, haka mutane ke faɗa."

Likita ya dubi Dela. Ta yi masa bayani da Turanci, ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Dela, sai ke."

An nemi jijiyar da za a sa ƙarin ruwa, hannu da ƙafa, duk sun lafe. Dela ta haɗa ruwan gishiri da sukari a kofi, ta tsaya tsakiyarsu ta faɗa musu gaskiya, don ba ta iya kwana-kwana ba. "Yaron nan ruwan jikinsa ya ƙare. Dole ya sha wannan, cokali-cokali, ba tsayawa. In la'asar ta yi bai sha ba, sai Kano, kuma ban ce zai kai Kano ba."

Inna Shatu ta karɓi cokali, ta shiga wasan kaka da jika. "Buɗe baki, angona. Haba ragon maza, a gaban mutane za ka kunyata ni?" Halliru ya datse haƙora. Dela ta gwada, ya kau da kai. Ni ma na baro gadon Ma'u na gwada, ruwan ya bi gefen baki ya sauka a wuya. Duk wanda ya matso, idon yaron na can ƙarshen ɗaki, kan bayan uwarsa.

Daga baya Saude ta gaya mini abin da ke ranta a lokacin. Ta san yadda yake sha. Sai an kwantar da shi a cinyar hagu, ya kama jelar kitsonta ya riƙe, sannan yake buɗe baki. Haka take yi masa kullum a bukkarta in ba kowa. Ta yi niyyar faɗa, ta ji muryar uwar miji, ta fasa. Ta ce ta so ta waiwaya, amma wuyanta ya ƙi juyawa.

Dela ta je ta durƙusa kusa da ita kamar mai gyaran takalmi. "'Yar nan, a gida wa ke ba shi?"

"Kowa ma, Gwaggo."

"Kowa ma," in ji Dela. Ta miƙe.

Wata nas ɗin da faɗa za ta fara, ta ce wace irin uwa ce wannan. Dela ba ta yi ba. Ita ma ɗanta na fari har ya yi gemu ba a taɓa jin sunansa a bakinta ba. Sai ta shiga abin da ta fi iyawa, rabon aiki.

"Sama'ilu, ruwan da za a haɗa masa sai tafasasshe. Ga tukunya, ga gindin darbejiya. Kada ka bar wutar ta mutu."

"Cikin mata, Gwaggo?"

"Ba sa cizo."

Ta juya ga tsohuwa. "Yaya Shatu, yaron nan ba ya son kallo. Labule nake so, da mai tsaron labule wadda ba ta tsoron kowa. Na duba ɗakin nan kaf, ban ga mai wannan fuskar ba sai ke."

Inna Shatu ta gyara tsayuwa. "Ai ko a ruga an sani."

Aka kwance zanen saƙi daga ƙunshinta. Ta kama gefe, Kawu Na'Allah ya kama gefe, suka ɗaga shi ya tare gadon. Dela ta juya su suka fuskanci ƙofa. "Duk wanda ya waiwaya, aikin ya ɓaci." Sannan ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Ke 'yar nan, zo ki riƙe mini kofi, hannuna ya gaji."

Riƙon kofin nas ba abin kunya ba ne. Saude ta taso ta shiga bayan zane. Amma ta tsaya ƙiƙam, don ta ɗaya gefen ga Dela, ga ni, ga sauran mata duk mun zuba ido. Dela ta dube mu.

"Kowa ya dubi bango."

Wata tsohuwa 'yar Kanya Babba ta ce, "Har mu? Me bangon ya yi?"

"Har ke, Iya. In kin ga tsaga ki gaya mini."

Ita ma Dela ta juya ta ba gadon baya. Ɗaki guda na mata, kowa da hanci a bango, kamar 'yan makarantar da aka yi wa horo. Ana cikin haka sai ga likita ya dawo zagaye. Ya nufi zanen.

"Ba shiga," in ji Inna Shatu.

"Ni likita."

"Ko kai ka gina asibitin."

Ya leƙo ta saman kanta yana neman ceto, Dela ta yi masa alama da hannu. Bawan Allah ya duba hagu, ya duba dama, ya ga kowa bango yake kallo, shi ma ya sami nasa ya tsaya.

Can muka ji motsin gado. Muka ji wata 'yar murya ƙasa-ƙasa da Fulatanci, irin wadda uwa ke yi in ta tabbata ba mai ji. Sai ƙarar cokali a bakin kofi. Sai tari.

Inna Shatu ba ta waiwaya ba. Ta ɗaga kai ta yi wa rufin ɗaki magana: "Ni dai ba da kowa nake ba. Amma akwai wani da na taɓa goyo, in ba a tallafe masa ƙeya ba, ƙwarewa yake."

Tarin ya tsaya. Cokali ya ci gaba da ƙara.

Ashe tsohuwar ta san wanda ke bayan zanenta, ta kuma san abin da ake yi. Kawu Na'Allah na cewa kafaɗarsa ta mutu, ta ce masa, "In ta mutu a binne ta, kai dai riƙe."

Bayan ɗan lokaci Dela ta sallame mu daga bango, kowa ta koma kan ɗanta, da sharaɗin ba mai duban wajen. Ita ce kaɗai ke zagayawa ta ƙara ruwa a kofi, tana yi tana kallon gefe. Sama'ilu kuwa ya tafasa ruwan da zai isa a yi wa ɗakin duka wanka. Matan gindin bishiya sun sa shi gaba, wai ko za a ba shi aron zane. Bini-bini sai ga shi a taga. Ba zai iya tambayar ɗansa ba, sai ya ce, "Gwaggo, ruwan nan, yana dai amfani?"

"Yana shiga. Koma bakin wutarka."

Ana gab da kiran la'asar muka ji muryar Saude daga bayan zane, a karo na farko da ƙarfi.

"Gwaggo."

"Na'am, 'yar nan."

"Zanena ya jiƙe."

Dela ta leƙa, ta taɓa, ta rangaɗa guɗar da ban taɓa zaton tana cikin wannan farar rigar ba. Yaron da ya bushe, in ya yi fitsari, ruwa ya kai inda ake so. Ban taɓa ganin an yi wa fitsari murna haka ba. Tsohuwar Kanya Babba har da rawa. Likita ya zo, wannan karon Inna Shatu ta ba shi izini, ya duba ya ce ba zancen Kano.

Sama'ilu ya taho taga da gudu, ya tsaya ya daidaita fuska. "Ruwan ya shiga?"

"Ya shiga har ya fito."

"To madalla," in ji shi, kamar an ba shi labarin saniyar wani. Ya juya, ya yi tuntuɓe da tukunyar da ya wuni yana tsaro.

Da aka sauke zane, Saude ta riga ta koma ƙarshen ɗaki ta ba gadon baya. Jelar kitsonta guda ta warware. Inna Shatu ta kasa sauke hannuwa, sai da aka matsa mata su. Ta dubi jikan ta ce, "Kai dai an yi mugun miji. Ko ɗan kwali ba ka taɓa saya mini ba, ka sa ni tsayuwar wuni." Har aka sallame su, kullum sai an ɗaga zanen nan, kullum kuma ba wanda ya ga komai.

Gwaggo Dela, ke ce uwar masu jinya. Ke ce ba ki taɓa ce wa uwa jahila ba, ba ki taɓa korar kaka don ta cika surutu ba. Kin san maganin na asibiti ne, amma bakin da zai sha shi sai ga nasa yake buɗewa. Ni kaina ke kika koya mini lura da numfashin Ma'u, kika ce in na ga haƙarƙarinta na shiga ciki in kira ki ko salla kike. Na kira ki har ban san iyaka ba, mafi yawa ba komai, ba ki taɓa tsaki ba.

Ga sabbin nas-nas da ake turo mana daga Kano, roƙona ɗaya ne. An yi sabon gini, an kawo gadaje masu taya, duk mun gode. Amma kada ku mai da mu taga. In kun ga uwa ta yi shiru, kada ku yanke mata hukunci, ku duba wa ke tsaye a kanta. Mu kuma iyaye, in an ba mu kofi mu riƙe.

Ranar kasuwar da ta wuce Saude ta zo yi wa Dela sallama, da ƙwaryar nono a ka, wani ɗan ƙato na biye da ita yana jan zanenta. Dela ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai, masha Allah! 'Yar nan, ɗan wa kika samo haka?"

Saude ta dubi bango. "Na wasu ne a rugarmu, Gwaggo."

"To ki ce wa uwarsa ta iya reno."

Na dai ga kunnenta ya ji.

Mun gode, Gwaggo. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa 'ya'yan da kika tsaya wa su tsaya miki. In kuma kin zo dubiya wata rana, ki shigo da shiri, don ba a zaman banza a ɗakinki.