Baba Kuwahara Bai Yi Laifin Da Zai Sunkuya Ba

Kafin 'yan kulob ɗin garinmu su gama shiri, Baba Kuwahara ya riga ya ja kwalekwalensa zuwa bakin teku. Yakan tsoma hannu ya ji sanyin ruwa, ya cinye curin shinkafarsa a tsaye, sannan ya tuƙa zuwa inda masu ninkaya ke juyowa. A wannan tsere na ninkaya da keke da gudu, 'yan kallo suna can inda ake ƙarewa. Shi kuwa tun gashinsa yana baƙi aikinsa ke nan, tsaron kawunan da ke cikin ruwa.

Yawancin 'yan wasan nan ta ajina a makarantar gari suka wuce, kuma duk a gabansa suka koyi shiga teku. In yaro ya kwankwaɗi ruwa sai ya ce, "Kai ɗan nan, miya ce? Rage wa kifaye!"

A gasar kulob-kulob ta ƙasa ta bara, Nagisa Horiuchi ce ta fara shiga mana ruwa a tseren karɓa-karɓa. Tana gaba da kowa sai hannunta ya daina tashi. Masunta biyu da ke kan gaɓa sun ga kanta ya nutse ya ɓullo, ya sake nutsewa. Baba ya kama ta ya jefa cikin kwalekwale. Ya san dokar sarai: wanda aka tsamo ya fita, har da abokan tserensa. Kulob ya faɗo ƙaramin rukuni, kamfanin da ke ɗaukar nauyinmu ya janye.

Nagisa tana kwance tana amai, manajan kulob, Segawa, ya iso.

"Tsoho, wa ya aike ka? Da ka ƙyale ta ai da ta warware!"

"Ranka ya daɗe, leɓenta ya canza launi."

"Au, yanzu kuma likita ka zama?"

Ba na son ɗaga murya, amma abin da aka yi a walimar ƙarshen shekara ya ƙona mini rai. Aka tsayar da dattijon nan gaban jama'a, aka sa ya sunkuya ya nemi gafara, sannan aka karɓe rigar aikinsa, wai ya huta. Ya nemi gafarar me? Cewa yarinyar mutane tana numfashi? Da ya jira, da gawa za mu rataya wa lambar yabo?

Baba, kai ne idon da ba ya ƙiftawa. Ka zaɓi ran yarinya, ka bar kofi, ka sunkuya ba ka yi musu ba don kada maganar ta koma kanta. Mun gode.

Makon jiya Nagisa ta same shi yana gyaran filafilin tuƙa kwalekwalensa.

"Baba, ni fa ba na shiga ruwa in ban hango hularka ba."

"Riga suka karɓe, 'yar nan," in ji shi. "Tekun ba tasu ba ce."

Ranar Lahadi za a buɗe sabuwar kakar wasa, kuma zai fito da kwalekwalensa ba rigar aiki. Matasa, ku shiga ku koyi aikin a wurinsa. Mu kuma iyaye, mu bar layin ƙarshe mu taru a gaɓa. In ya juyo, mu ne za mu sunkuya.